Littafin Aiki: Halittun Cikin Ƙasa Daga Kacalla Zuwa Tudu

8 ga Yuni

Yau na buɗe wannan littafi, ko da yake tunanin aikin ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta ƙauye a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, gaba da Haɗejiya, kuma abin da nake son ganowa shi ne waɗanne ƙananan halittu ne suke zaune a cikin ƙasar fadamarmu, waɗanne ne suke cikin ƙasar dajin da yake maƙwabtaka da ita, kuma mene ne ya raba musu wurin zama.

Abin da ya tayar mini da tambayar shi ne karatun da na yi a kan wani irin dausayi na ƙasashen sanyi, irin su Finlan da Ayalan da Sikotlan, inda ruwa yake kwance shekara da shekaru a kan wata gansakuka da ake kira isfagnum. Da yake ruwan ya hana iska shiga, gansakukar kuma tana sa wurin ya yi tsami, tsiron da ya mutu ba ya gama ruɓewa, sai ya riƙa taruwa a hankali, kimanin milimita 1 a shekara, har ya zama wata baƙar ƙasa mai kama da soso wadda ake kira fit. Irin wannan ƙasa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma sinadarin kabon da yake ajiye a cikinta ya fi na itatuwan dazuzzukan duniya baki ɗaya. Masu bincike a can sun lura cewa tsutsar nan ta ƙasa, wato tana, ba ta cika zama a cikin fit ba, dodon koɗi ma haka, domin babu isasshen sinadarin allin da zai gina ƙoƙonsa da shi. Aikin cin mataccen ganye ya koma hannun wasu fararen tsutsotsi 'yan mitsi-mitsi dangin tana, da wasu ƙananan dangin kaska, da wasu ƙwari marasa fiffike masu tsalle da ake kira kolambola. Idan mutum ya taka zuwa dajin da yake gefe, inda ƙasa ta tsane, sai ya tarar da nau'o'in halittu sun ƙaru.

Zatona a yau shi ne fadamarmu za ta nuna irin wannan tsari: kaɗan a cikin ruwa, da yawa a cikin daji. Na zaɓi wurare 4 a kan layi ɗaya da bai wuce tafiyar minti 10 ba. Na farko cikin kacalla, inda ruwa ba ya ƙafewa ko da bazara. Na biyu fadamar shinkafa mai dabaro, wadda take cika ta kuma bushe. Na uku gefen fadama, ƙarƙashin giyayya da bagaruwa. Na huɗu kuma tudu mai rairayi, inda goruba da kanya da tsamiya suke. Ɗalibai 3 daga ajin ƙarshe sun amince za su taya ni.

11 ga Yuni

Na je wurin mai unguwa tare da dattijon da yake da gonar shinkafar. Da na gama bayani, na ambaci cewa zan binne kofuna da ƙananan ƙunshi a cikin ƙasa, sai mai unguwa ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Malam, ba mu ƙi ba, amma ka san halin gari. Wanda ya hangi ana binne abu a gonar mutum da sassafe, ba ilimi ne zai fara zuwa masa a rai ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, ban kawo wannan a raina ba." Muka tsaya a kan cewa ba za a binne komai ba sai da rana tsaka, a gaban mai gona, kuma za a sanar a masallaci bayan sallar Magariba domin kowa ya ji da kunnensa. Dattijon ya sa nasa sharaɗin, cewa kada a yi haƙa a tsakiyar shuka sai a kan iyaka, kuma duk ramin da aka haƙa a mayar da ƙasarsa. Dukkan sharuɗɗan sun yi daidai, kuma da na tsallake wannan zama da aikin ya mutu tun bai fara ba.

15 ga Yuni

Sayayya a kasuwar Haɗejiya. Kofunan roba 40 sun ci Naira 4,000, kwalabe 2 na sifirit daga kemis Naira 5,000, fararen farantai 4 masu faɗi Naira 4,800, gilashin ƙara girman abu Naira 3,500, ƙaramin sikeli mai batir Naira 9,000, sai kuɗin mota zuwa da dawowa Naira 3,000. Jimla Naira 29,300, duk daga aljihuna. Shebur da adda na gida ne, tsohon gidan sauro da buhunan albasa kuma kyauta aka ba ni. Takalmin ruwa ya fi ƙarfina a wannan wata, don haka na yanke cewa ɗalibai ba za su shiga cikin kacalla ba, domin ruwan kwance mai dodon koɗi shi ne hanyar kamuwa da tsargiya, ga kuma matsattsaku. Ni kaɗai zan shiga, da takalmin aro.

19 ga Yuni

Haƙar farko. Na bi ƙa'idar da masu binciken ƙasa a yankunan zafi suka saba bi, wato a yanko curin ƙasa mai faɗin santimita 25 kowane gefe da zurfin santimita 30, a zuba a faranti, a tsince duk abin da yake motsi da hannu. Mun yi rami 3 a kowane wuri, kuma aikin ya ci mu tun hantsi har la'asar sakaliya.

A tudu, shebur yana shiga gara ta watse ko'ina, ga tururuwa da kiyashi da cinnaka, amma babu tana ko guda. A can ne ɗaya daga cikin ɗaliban ya tsinto jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski da yake fitowa bayan ruwan farko, na kuma nuna musu ƙafafunsa 8 domin su gane cewa shi dangin kaska da gizo-gizo ne, ba dangin tururuwa mai ƙafa 6 ba. A gefen fadama ƙasa ta fi duhu kuma tana marmashewa a hannu. Nan muka sami ƙadandoniya, da shanshani, da gyare, da gwazarma, da tana da dama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a fadamar shinkafa na gan shi. Dabaron bai gama jiƙa ba, tsagewar bazara tana nan har hannu yana shiga, kuma saman ƙasar kamar babu rai a cikinsa. Can ƙasan rami na fasa wani curi da adda, sai ga wani ɗan ɗaki zagayayye mai santsin bango, bai fi girman ƙwan tantabara ba, a cikinsa kuma tana ce ta nannaɗe kanta kamar ƙullin zare, jikinta ya yi fari-fari, ba ta motsi. Da na ɗora ta a tafin hannuna na ɗiga mata ruwa, sai ta fara warwarewa a hankali. Haka take yin baccin rani, ta nutsa ƙasa ta shafe ɗakinta da yauƙin jikinta, ta jira damina. Dattijon da yake tsaye a kanmu ya ce, "Ai Malam, mu tun muna yara inda muka ga kashin tana ya yi yawa, nan muke sa ran hatsi." Na ce, "Baba, abin da littafi ya faɗa ke nan, sai dai kun riga shi gani."

A cikin kacalla curin bai yanku ba, domin saiwa ce da laka baƙa ƙirin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da na samu bai wuce 'yan jajayen tsutsotsin laka da dodon koɗi da matsattsaku ba.

22 ga Yuni

An binne kofuna 5 a kowanne daga wurare 3 na waje da ruwa, bakin kofi daidai da ƙasa, da ruwan gishiri da ɗan omo a ciki domin abin da ya faɗa kada ya fita. An kuma binne ƙunshin ganye, bayaninsu yana tafe. Mutane kusan 10 suka tsaya kallo.

28 ga Yuni

Asara ta farko, kuma laifina ne. Daren jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da na isa da safe sai na tarar da kofunan fadama duk sun cika sun tumbatsa, guda 2 ma ruwan ya turo su sama suna kwance a gefe. Na tudu rairayi ya cika su har baki. A gefen fadama kofi 2 kawai suka tsira saboda inuwar giyayya, a cikin ɗayansu kuma na tarar da ɗan ƙaramin kwaɗo ya mutu, abin da ya dame ni ƙwarai, domin ba shi na ɗana wa tarko ba. Kamun kwana 6 ya tafi a banza.

Kuskurena biyu ne. Ban yi wa kofunan rufi ba, kuma na bar su sun daɗe. Gyaran da muka yi yau shi ne mun yanka tsohon kwanon rufi gunduwa-gunduwa, muka ɗora kowane yanki a kan 'yan sanduna 3, tazarar yatsu biyu daga ƙasa, yadda ƙwaro zai wuce amma ruwan sama da kwaɗo ba za su shiga ba. Mun kuma riƙa sa kofi biyu, ɗaya cikin ɗaya, domin a zare na ciki ba tare da an rushe ramin ba. Daga yanzu kwana 2 za su riƙa yi a buɗe, sa'an nan a kwashe a rufe su sai mako mai zuwa. Mai yankan kwano ya karɓi Naira 1,500.

4 ga Yuli

Halittun da suka fi muhimmanci wajen kwatanta ƙasarmu da ta fit su ne waɗanda ido ba ya kamawa, kuma su ba a tsince su da hannu. Akwai dabarar da wani masanin ƙwari ɗan Italiya, Antonio Berlese, ya fito da ita a 1905, wadda Albert Tullgren na Suwidin ya inganta a 1918 da ƙwan lantarki: a ɗora ƙasa a kan rariya cikin mazurari, a sa zafi daga sama, ƙasar tana bushewa halittun suna gudu ƙasa har su faɗa cikin kwalbar sifirit. Na yi mazurarai 8 da gorunan ruwa na roba da na yanke na kife, na sa yankin buhun albasa a matsayin rariya.

Matsalar ita ce zafin. Ba mu da wutar da za ta ɗauki kwanaki, ƙwan fitilar sola kuma haske yake bayarwa ba ɗumi ba. Sai na ga ai rana ta ishe mu, na jera mazuraran a tsakar gida. Kafin azahar saman ƙasar ya ƙeƙashe, sifirit ya tsere rabi, bayan kwana 3 kuma da na duba kwalaben ban ga komai ba sai ƙura. Na fasa ƙasar na duba da gilashi, sai ga 'yan halittun a bushe a cikinta. Ranar ta kashe su a inda suke tun kafin su sami hanyar sauka, domin sirrin dabarar shi ne bushewa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa, ba gashi ba. Kwalabe 2 da na ajiye a inuwa kuma kiyashi ya shiga ya kwashe abin da yake ciki. Na yi asarar kwalbar sifirit guda da samfurin wurare 4.

Wata ɗaliba daga cikin ukun ce ta kawo mafita. Ta ce, "Malam, ai ɗakin ajiyar makaranta rufin kwano ne babu silin, zafi daga sama yake saukowa." Mun kafa katako kusa da rufin, muka tsoma ƙafafun teburin da yake ɗauke da shi cikin gwangwanayen ruwa saboda kiyashi, muka naɗe bakin kwalaben da leda. Gobe za a ɗebo sabon samfuri.

9 ga Yuli

An kwashe kofuna, babu matsala. Tururuwa da gizo-gizo sun fi yawa a tudu, buzuzu da gyare a gefe. Na ƙara sayen sifirit, Naira 2,500.

16 ga Yuli

Mazuraran sun yi aiki. Bayan kwana 10 na zuba abin da yake cikin kwalaben a farin faranti, na aro madubin ganin ƙananan halittu na makaranta. A samfurin gefen fadama abin kamar an barbaɗa barkono: ƙananan dangin kaska masu ƙwarya mai sheƙi, zagayayyu, launin ƙasa-ƙasa, girmansu bai kai ƙwayar gero ba, da kolambola farare da masu ruwan toka, kowanne da ɗan reshe mai baki biyu a naɗe ƙarƙashin cikinsa, wanda da shi yake harba kansa sama idan ya ji haɗari. Ɗaliban sun yi layi suna leƙawa, ɗaya yana cewa ashe duk wannan jama'a muke takawa kullum. A tudu akwai su amma ba yawa, a fadama kaɗan, a lakar kacalla kuwa kusan babu, sai a ruɓaɓɓen ganyen da yake saman ruwa.

Nan na fara ganin inda zatona ya karkace. A dausayin fit na ƙasashen sanyi waɗannan 'yan ƙananan suna da yawa a saman gansakuka, domin akwai wani ɗan bene mai danshi da iska a bisa ruwan, kuma a nan rayuwa take. Kacallarmu ba ta da irin wannan bene sai ɗan ganyen da ya kwanta, ƙarƙashinsa laka ce marar iska.

30 ga Yuli

Ƙunshin ganyen da aka binne ranar 22 ga Yuni iri biyu ne a kowane wuri, kowanne da giram 10 na busasshen ganyen giyayya: ɗaya cikin gidan sauro mai ƙananan idanu, ɗaya cikin buhun albasa mai manyan idanu da gara da tana za su iya shiga. Yau muka tono rabinsu.

A tudu buhun albasar babu ganye ko ɗaya, gara ta cinye ta cika shi da ginin ƙasarta, har gidan sauron ma ta huda gefe ɗaya ta shiga. A gefe an ci fiye da rabi, ga kashin tana da na ƙadandoniya a ciki. A kacalla kuwa ganyen ya yi baƙi yana santsi, amma siffarsa tana nan har jijiyoyinsa, kuma ƙunshin biyu ba su da wani bambanci. Gani ya kori ji: a ƙasarmu gara ce take yin babban aikin da tana da fararen tsutsotsi suke yi a dazuzzukan Turai, kuma tana yin sa da saurin da ba ya barin ganye ya taru. Manyan masu gina suri ba ma cin ganyen kawai suke yi ba, suna kai shi cikin surin su noma wata irin naman kaza a kansa, ita ce take narkar musu da shi.

Dattijon bai ji daɗin yabon da na yi wa gara ba, ya ce ita ce ta ci masa rumbu bara, kuma gaskiyarsa. Sai dai ina ganin bai kamata a yi mata hukunci da ɓarnar rumbu kaɗai ba, tunda manoman Nijar da Burkina Faso da suke haƙa ƙananan ramuka su zuba taki a ƙasar da ta mutu suna amfana da ita ne, domin hanyoyin da take hudawa su ne suke shigar da ruwan sama.

12 ga Agusta

Hutu ya rage mana hannu, ɗalibi ɗaya ne ya zo. Kunama ta harbe ni a yatsa da na ɗaga kwanon wani kofi a tudu. Kwana 2 ban yi rubutu ba. Daga yau da sanda ake ɗaga rufi. Shanu sun tattake kofi 3.

26 ga Agusta

Ruwan kogi ya iso. Cikin kwana 5 fadamar shinkafa ta nutse har gwiwa, kofunanta da ragowar ƙunshin ganyenta suna ƙarƙashin ruwa, don haka wannan wuri ya fita daga lissafi sai ruwa ya janye. Na ji zafin rasa shi, amma abin da na gani a gefe ya fi abin da na rasa.

Bakin ruwan ya tsaya taku kaɗan daga gindin giyayya, kuma a wannan siririn wuri ƙasa kamar kasuwa. Tana ta fito har saman ƙasa, kashinta ya rufe ko'ina kamar an yi shuka da shi. Ƙadandoniya sun hau jikin bagaruwa sun lafe a ɓawo, tururuwa suna jigilar ƙwayayensu zuwa tudu a layi, gizo-gizo masu farauta a ƙasa suna gudu a kan tarkacen da ruwa ya turo. Kofunan gefe sun kama fiye da ninki biyu na abin da suka saba. Balbela da sauran tsuntsaye ma sun gane, suna ta kiwo a bakin ruwan tun safe.

Yanzu na fahimci cewa gefen fadama ba iyaka ba ce kawai tsakanin ruwa da daji, mafaka ce. Da damina masu gudun ruwa suna hawowa nan, da rani kuma masu gudun fari za su sauko nan neman danshi, ga ganyen giyayya yana zuba musu abinci. Wannan ya sa raina ya ɓaci da na ƙirga kututture 7 na itatuwan da aka sare a wannan layi domin itacen girki da faɗaɗa gona. Mai sarewa yana ganin bishiya guda ya cire, alhali ya yaye rufin wurin da tanar gonarsa take fakewa.

10 ga Satumba

Na yi gwajin da na daɗe ina jinkirtawa, domin in tabbatar ko baƙar lakar kacalla fit ce. A Ayalan ana yanko fit a shanya shi a yi makamashi da shi, saboda kusan duk jikinsa tsiro ne. Na shanya curin lakar kacalla na mako 2, na ɗora shi a kan garwashi. Saiwoyin da suke ciki sun yi hayaƙi sun cinye, amma curin bai kama ba, ya yi ja ya taurare kamar tukunyar da aka gasa. Yumɓu ne mai ɗan ruɓaɓɓen tsiro, ba fit ba. Takardar gwajin tsami ta ƙara tabbatar da haka: dausayin isfagnum yakan sauka zuwa 4 ko ƙasa da haka a ma'aunin tsami, inda 7 ne tsaka-tsaki kuma raguwar lamba take nuna ƙaruwar tsami, namu kuwa duk wuraren 4 suna kusa da 7, na fadama ma ya ɗan haura, abin da bai ba ni mamaki ba a ƙasar da kanwa take fitowa a samanta da rani. Shi ya sa dodon koɗi ya cika kacallarmu alhali ba ya jin daɗin dausayinsu.

Ba zafi ne kaɗai ya hana mu fit ba, domin akwai shi a Afirka. A 2017 masu bincike, cikinsu har da Greta Dargie da Simon Lewis na Jami'ar Lidis ta Ingila, suka bayyana taswirar wani makeken fit a tsakiyar kwarin Kogin Kongo, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 145,500, ɗauke da kimanin tan biliyan 30 na kabon, kuma shi ƙarƙashin kurmin manyan itatuwa da tukurwa yake, ba gansakuka ba. Bambancin shi ne can ƙasa ba ta rabuwa da ruwa, mu kuwa rani yana dawowa kowace shekara ya buɗe ƙasa ga iska da gara.

Kacallar ma baƙuwa ce a wannan yawa. Dattijon ya ce yana saurayi wurin yakan bushe har a yi noman rani a cikinsa. Bayan madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa ya koma kamar da, ya riƙa gudana har da rani, laka ta toshe hanyoyi, kacalla ta mamaye. Ashe wurin da ya fi kowanne ƙarancin halittu a layina shi ne wurin da ruwa ya daina shiga da fita.

24 ga Satumba

An koma makaranta, ɗaliban 3 sun dawo. An kwashe kofunan gefe da tudu, an sa sabon samfuri a mazurarai. Ruwa ya fara janyewa kaɗan.

13 ga Oktoba

Na haɗa lissafin damina. Na rarraba abin da muka kama bisa siffa, kowace siffa da kwalbarta da lambarta: gefe ya ba da siffa 31, tudu 19, fadama 12 kafin ta nutse, kacalla 6. Rabin zatona ya tabbata, domin cikin ruwa ya fi ƙaranci, amma ba dajin tudu ne ya yi fice ba, gefe ne.

Ba na son wannan lissafi ya sa mutane su raina wurin da yake da kaɗan. A dausayin fit na Turai nau'o'in ba su da yawa, amma akwai ƙwari da gizo-gizo da ba sa rayuwa a ko'ina sai can, kuma idan aka tsane ruwan domin shuka itatuwa, halittun daji sukan shigo, adadi ya iya ƙaruwa, alhali na asalin wurin sun ɓace. A namu lissafin ma, siffa 4 daga cikin 12 na fadama ban gan su a sauran wuraren ba, don haka na ware kwalabensu. Wannan yanki ba ƙaramin wuri ba ne, tunda dausayin Baturiya da yake maƙwabtaka da mu yana cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya tun 2008, kuma yawancin masu zuwa tsuntsaye suke ƙirgawa, ba abin da tsuntsayen suke tsinta a ƙasa ba.

Kuɗin da na kashe zuwa yau Naira 33,300. Mataki na gaba shi ne a tono ragowar ƙunshin ganyen fadama da zarar an yanke shinkafa, a sake haƙa rami 3 a kowane wuri a watan Janairu da kuma Afrilu domin a ga inda halittun suke komawa da sanyi da bazara, a kuma ƙara wuri na 5 a gefen da aka sare itatuwansa domin a kwatanta shi da ƙarƙashin giyayya. Zan kai kwalaben ƙananan dangin kaska Dutse wurin wani malamin jami'a da ya yarda ya duba su da madubi mai ƙarfi. Ina buƙatar takalmin ruwa ƙafa 2 da kwalabe 3 na sifirit kafin ƙarshen Nuwamba. Dattijon ya amince da ramukan rani, mai unguwa kuma ya ce in kawo farantin da madubin ƙofar gidansa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, domin masu saran itace su leƙa da idonsu.